TAYA MAI SACEWA SANNU-SANNU

Ranar kasuwa, tun da asuba, hanyoyin Tenhiya sun cika. Ga amalanken jakai ɗauke da durorin ruwa. Ga ƴan babur da buhunan hatsi a baya. Ga motar kasuwa ta taso daga Tanut, cike da mutane da kaya. Yara, ku duba da kyau: mi ke ɗauke da dukan wannan nauyi?

Wani zai ce ƙarfe ne. Wani zai ce roba ce. A'a. Iska ce. Iskar da aka ɗura cikin taya ita ke ɗauke da amalanke, da babur, da mota. Idan iskar ta fita, tafiya ta ƙare.

A wannan darasi za mu koyi abu guda: yadda a ke yi da tayar da ke sacewa sannu-sannu. Za mu fara da motocin da muka saba gani a Damargu. Daga baya za mu duba wata sabuwar mota wadda ba ta shan mai, watau motar lantarki.

1. YADDA ISKA KE ƊAUKAR KAYA

Idan aka ɗura iska da famfo cikin taya, iskar tana matsuwa. Tana tura bangon taya ta kowane gefe. Wannan turawa ita a ke kira matsin iska. Ana auna shi da ma'aunin iska. Sunan awon shi ne bar, amma masu faci da direbobi suna cewa kilo. Dalili kuwa shi ne, bar 1 ya yi kusan daidai da nauyin kilo 1 bisa kowane santimita murabba'i.

Tayar ƙaramar mota tana son kilo 2 zuwa kilo 2,5. Adadin da ya dace da kowace mota yana rubuce bisa wata ƴar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko cikin littafin motar.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ce mota da kayanta sun kai kilo 1600. Ƙafafunta huɗu ne. Kowace taya ke nan tana ɗauke da kilo 400. Idan matsin iska kilo 2 ne, wurin da taya ke taɓa ƙasa zai kai wajen santimita murabba'i 200, kamar faɗin tafin hannun babban mutum tare da yatsunsa. Idan matsin ya ragu zuwa kilo 1, dole taya ta baje, ta taɓa ƙasa da wurin da ya kusa ninka na farko. Ku riƙe wannan lissafi. Za mu sake bukatarsa a gaba.

2. KAƊAN DAGA TARIHIN TAYA

Roba ƙaron wani itace ne da ke fitowa a ƙasashe masu yawan ruwan sama. A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta tana yin ƙwari, ba ta narkewa da zafin rana.

A shekarar 1888, a birnin Belfast, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya yi rajistar taya mai iska. Ya fara yin ta ne domin keken ɗansa, wanda ke jijjiga yaron bisa hanya mai duwatsu. A 1891, a ƙasar Faransa, wasu wa da ƙane, André da Édouard Michelin, suka ƙera tayar da a ke iya cirewa a gyara ta a mayar. A 1893 kuma, a Amurka, aka yi rajistar ɗan bakin nan da a ke ɗura iska ta cikinsa, mai suna bawul ɗin Schrader. Har yau irinsa ne ke jikin motoci da babura.

Da farko kowace taya tana da robar ciki. Ita ce ke riƙe iska. Kun san ta: idan ta tsufa, ita ce a ke yanka a ɗinka guga, ko a ɗaure bakinta a ɗauko ruwa daga rijiya bisa jaki. Daga wajen 1955 sai aka shiga sa wa sababbin motoci taya marar robar ciki. A irin wannan taya, ita kanta tayar ce ke manne da ƙarfen ƙafa, wanda a ke kira janti, ta riƙe iskar. Yau iri biyun duka suna nan a garuruwanmu. Kekuna da amalanke da babura da yawa suna da robar ciki. Yawancin ƙananan motoci ba su da ita.

3. SACEWA IRI BIYU

Akwai fashewa. Taya ta yi ƙara, iska ta fita gaba ɗaya. Kowa ya ji, kowa ya gani, mota ta tsaya.

Akwai kuma sacewa ta sannu-sannu. Babu ƙara. Da maraice taya tana cike. Da safe ta ɗan kwanta. Direba ya ƙara mata iska, ya yi tafiyarsa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Tun da motar tana tafiya, sai ya ce ba kome.

Wace ta fi haɗari? Mutane da yawa za su ce fashewa. Amma ku sani, fashewa da yawa daga sacewar sannu-sannu su ke farawa. Hausawa sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ko lafiyayyar taya tana rage iska kaɗan, wajen kilo 0,1 a wata guda, domin iska tana ratsa roba a hankali. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan taya ta rage wannan adadi cikin kwana ɗaya ko biyu, to akwai inda iska ke bi.

4. INA ISKAR KE BI?

Hanyoyin da iska ke bi ta gudu guda biyar ne.

Na ɗaya, ƙaya ko ƙusa. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Akwai ƙayar aduwa, doguwa mai ƙarfi. Akwai ta kandili da ta farar ƙaya. Akwai tsidau, mai huda tayar keke. Ƙaya tana shiga, ta karye, ta zauna cikin robar. Ita ta huda, ita kuma ta toshe. Shi ya sa iskar ba ta fita gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan.

Na biyu, bawul. A cikinsa akwai wata ƴar allura mai buɗewa da rufewa. Idan ƙwayar rairayi guda ta shiga, allurar ba ta rufewa sosai. Ɗan murfin nan da ke bakin bawul ba ado ba ne. Shi ke hana ƙura shiga.

Na uku, bakin janti. Idan janti ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe domin ya bugi dutse ko ya faɗa rami, taya ba ta manne masa da kyau. Iska sai ta bi ta tsakaninsu.

Na huɗu, tsohon faci. Facin da ba a yi da kyau ba yana ɗagowa idan ya ji zafi.

Na biyar, tsufa. Rana tana cin roba. Tsohuwar taya tana tsattsagewa a kuiɓinta kamar ƙasar tabki da rani. Kuna iya sanin shekarun taya: a kuiɓinta akwai wasu lambobi huɗu a jere. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 1219, an yi tayar a sati na 12 na shekarar 2019.

5. MI KE FARUWA DA TAYAR DA BA TA DA ISASSHIYAR ISKA?

Ku ɗauki guntun waya. Ku lanƙwasa ta, ku miƙe ta, ku sake lanƙwasa ta, da sauri, sau ashirin. Ku taɓa wurin. Ya yi zafi. Idan kuka ci gaba, wayar za ta karye.

Haka ya ke ga taya. A cikin robarta akwai zare da wayoyin ƙarfe. Mun gani a lissafinmu cewa idan iska ta ragu, taya tana bajewa. Duk juyi ɗaya, kuiɓinta ya lanƙwashe ya miƙe. Tayar ƙaramar mota tana juyawa wajen sau 500 a kowane kilomita. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. Ku lissafa sau nawa kuiɓin zai lanƙwashe! Ga zafin lanƙwasa, ga zafin kwalta da tsakar rana, ga nauyin kaya. Roba sai ta rabu da waya. Ƙarshenta taya ta fashe, mota tana cikin gudu.

Ban da wannan, taya marar iska tana jan sitiyari gefe guda. Birki ba ya kamawa da wuri. Gefunan tayar biyu suna cinyewa tun tsakiyarta ba ta tsufa ba. Kuma motar tana ƙara shan mai, kamar yadda jaki ke ƙara wahala idan tayar amalanke ta kwanta.

Mu ɗauki misali. A wani gari na daji akwai mota guda da ke kai marasa lafiya babban asibiti. Direban ya lura tayar baya ta dama tana kwanciya kowace safiya. Kullum sai ya ƙara mata iska, ya ce ranar kasuwa zai kai ta wurin mai faci. Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Wani dare aka buga masa ƙofa: wata mata ta kwana biyu tana naƙuda, dole a kai ta Tanut. Ya tashi mota cikin gaggawa, bai duba taya ba. A tsakiyar daji tayar ta fashe. Ya sauko da ta safaya, sai ya tarar ita ma ba iska, domin wata shida ba wanda ya auna ta. Babu gari kusa, babu mai wucewa. Suka zauna suna jira har gari ya waye.

Facin da zai ɗauki rabin awa ranar kasuwa, ya ci musu dare guda, a lokacin da kowane minti ke da tsada. A birni, idan taya ta sace, ɓata lokaci ne kawai. A dajin Damargu, inda a ke yin tafiya mai nisa ba a ga rijiya ba, abin yana iya taɓa rai.

6. YADDA A KE GANO WURIN

Abu na farko shi ne awo. Ido yana ruɗi. Tayar mota ta zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba a gane da ido ba. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne. A yi aiki da ma'auni.

Ana awo da safe, tun mota ba ta yi tafiya ba. Idan taya ta yi zafi, iskar cikinta tana kumbura, awon ya ƙaru da kilo 0,2 ko 0,3. Kada a rage wa taya mai zafi iska. Idan ta huce za ta koma daidai.

Sanyi kuma yana rage awo. Duk lokacin da zafin gari ya sauka da digiri 10, matsin taya yana sauka da wajen kilo 0,1. Da sanyin hunturu, direba yana iya tarar da awo ya ragu da asuba. Yaya zai bambanta sanyi da huji? Da sauƙi. Idan tayoyi huɗu sun ragu tare, sanyi ne. Idan guda ɗaya ce ta bar ƴan'uwanta, huji ne.

Abu na biyu shi ne kumfa. A kaɗa sabulu cikin ruwa kaɗan. A cika taya da iska. A shafa kumfar a bakin bawul tukuna, sannan a gindinsa, sannan a kewaye bakin janti ciki da waje, sannan a bi bayan taya duka, ana tura motar gaba kaɗan-kaɗan. A yi haƙuri a jira. Inda iska ke fita, kumfa za ta riƙa tasowa kamar ta bakin raƙumi. Idan hujin ƙarami ne ƙwarai, sai an jira minti biyu ko uku.

Idan robar ciki ce, a cire ta, a hura ta, a nutsa ta cikin kwanon ruwa ɓangare-ɓangare. Idan ruwa ya yi wuya, kamar yadda ya ke yi mana da rani, kofi guda na ruwan sabulu ya isa.

Da an ga wurin, a yi masa alama da alli. Idan ƙusa ce a taya marar robar ciki, kada a zare ta sai an iso inda za a gyara. Ita ce ke toshe da ramin.

7. YADDA A KE GYARAWA

Idan bawul ne, aikin kaɗan ne. A ɗaure allurar, ko a sake wata. A sa murfi.

Idan bakin janti ne, mai faci zai cire tayar, ya kankare tsatsa, ya share rairayi, ya mayar. Jantin da ya lanƙwashe sai an miƙe shi ko an sake shi.

Idan robar ciki ce ta huje, ga yadda a ke yi:
– a goge kewayen hujin da samfefa har ya yi kaushi;
– a shafa sholisho kaɗan, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa;
– a manna faci, a danne shi da ƙarfi;
– a shafa hannu a hankali cikin tayar, a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, a cire ta.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa. Idan ƙayar tana nan, za ta sake huda robar tun ba a bar gari ba.

Idan taya marar robar ciki ce, akwai wata igiyar roba mai danƙo da a ke cusawa cikin ramin daga waje. Tana fid da mutum daga daji. Amma gyara na ƙwarai shi ne a cire tayar daga janti, a duba cikinta, a yi faci ta ciki.

Ba kowane huji ke gyaruwa ba. Ana gyara wanda ke bayan taya, inda ke taka ƙasa, idan faɗinsa bai wuce milimita 6 ba. Hujin kuiɓi ba ya gyaruwa a tayar mota, domin nan ne ke lanƙwashewa. Tayar da ta yi ƙulu a kuiɓi, ko wadda wayarta ta fito, ta gama aiki. A ba dukawa su yi takalma da ita.

Ga gargaɗi huɗu. Kafin a ɗaga mota, a sa duwatsu gaba da bayan sauran tayoyin. A cikin rairayi, a sa katako ƙarƙashin jak domin kada ya nutse. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sholisho kuma guba ne ga mai shaƙarsa, yana kama wuta: a yi aiki da shi a fili, nesa da murhu.

8. RAIRAYI DA KWALTA

Wani cikinku zai ce: «Malam, ai na ga direba yana rage wa tayoyinsa iska da kansa kafin ya hau tudun rairayi.» Gaskiya ne. Ku tuna lissafinmu. Idan iska ta ragu, taya tana bajewa. Taya mai faɗi ba ta nutsewa cikin rairayi, kamar yadda tafin raƙumi ba ya nutsewa inda kofaton doki ke nutsewa. Shi ya sa direbobin daji ke sauke iska zuwa wajen kilo 1,5, wani lokaci ƙasa da haka.

Amma akwai bambanci. Wannan direba ya san abin da ya rage. Ya rage wa tayoyi huɗu daidai wa daida. Yana tafiya sannu. Kuma da ya fito bisa hanya mai tauri, ko ya hau babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas, zai tsaya ya mayar da iskar. Mai taya mai sacewa kuwa bai san nawa ya rage ba, kuma yana gudu.

9. MOTAR LANTARKI

A kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, cikin ƙasar Ollelewa, akwai matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011. Can a ke tace man da motocinmu ke sha. To, yau a duniya akwai miliyoyin motoci da ba su shan mai ko kaɗan. Suna da babban batir, irin na wayar salula amma ya ninka shi sau dubbai. Ana cika shi da wutar lantarki, shi kuma ya juya ƙafafun motar.

Kada ku ce abin na Turawa ne kawai. Wani mutumin Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt, wadda aka nuna a Amurka a 2007, mai tafiya da batir tare da ɗan injin mai. A 2021, lokacin da ya ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya, aka buɗe wurin cika batirin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Rana kuwa ba ta yi mana ƙaranci ba a Damargu. Wataƙila wani cikinku zai tuƙa irin wannan mota, ko ya gyara ta.

Motar lantarki ba ta da tankin mai, amma tana da taya huɗu, kuma iska ce a cikinsu. Ƙayar aduwa ba ta san bambanci ba. Duk abin da muka koya a sama yana aiki a kanta. Sai dai akwai abubuwa biyar da suka ƙara wa sacewar sannu-sannu nauyi a wannan mota.

Na ɗaya, nauyi. Batirin kaɗai yana kai kilo 300 zuwa 500, wani ma ya fi. Shi ya sa tayoyinta ke son iska fiye da na sauran motoci, sau da yawa kilo 2,5 zuwa 2,9. Taya mai ƙarancin iska ƙarƙashin wannan nauyi tana saurin yin zafi.

Na biyu, nisan tafiya. Taya marar iska tana cin wutar batir kamar yadda ta ke shan mai. Mai motar fetur yana iya ɗaukar jarka a baya. Ba a zuba lantarki cikin jarka. Idan batir ya ƙare kilomita goma kafin gari, sai a zauna.

Na uku, safaya. Yawancin motocin lantarki ba su zuwa da tayar safaya, domin a rage nauyi a sami wuri. A madadinta ana ba da ɗan famfon lantarki da kwalbar wani ruwa mai danƙo, wanda a ke ɗurawa ta bawul ya toshe ƙaramin huji. Wannan ruwa na fita kunya ne kawai. Bayan an sa shi ba a wuce kilomita 80 a awa, kuma dole a kai tayar wurin gyara, a gaya wa mai faci an sa shi. Ba ya toshe tsagar kuiɓi. Wanda zai shiga daji da irin wannan mota, ya nemi safaya da jak tun yana birni.

Na huɗu, wurin sa jak. Batirin yana shimfiɗe ƙarƙashin motar, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Idan aka sa jak a inda bai dace ba, ana iya lotsa batirin, batirin da ya lotse kuwa yana iya kama wuta. Akwai wurare huɗu da aka yi domin jak. Littafin motar yana nuna su. Wayoyi masu launin lemo da ke ƙarƙashinta suna ɗauke da wuta mai ƙarfi, wajen bolt 400 ko fiye. Ba a taɓa su. Kuma yawancin waɗannan motoci ba a jan su da igiya, sai dai a ɗora su bisa babbar mota.

Na biyar, fitilar gargaɗi. A cikin ƙafafun motocin zamani akwai wata ƴar na'ura mai lura da iska. Idan iska ta ragu, wata fitila rawaya tana kamawa a allon gaban direba. Siffarta kamar tukunya ce da alamar motsin rai a ciki. Doka ta tilasta sa wannan na'ura a sababbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai kuma tun 2014. Amma ku lura: fitilar ba ta kamawa sai taya ta rasa kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu na iskarta. Wanda ya jira fitila, ya makara. Ma'aunin hannu yana nan da amfaninsa.

Wasu tayoyin motar lantarki suna da soso manne a cikinsu domin rage ƙara. Mai faci zai yanke soson kaɗan a wurin hujin, sannan ya yi facinsa kamar kullum. Kun gani, sana'ar mai faci ba za ta mutu ba. Ilimi ne za ta ƙara nema.

MU RIƘE

– Iska ce ke ɗaukar kaya, ba roba ba.
– Ƙara iska kowace safiya ba gyara ba ne. A nemo ramin a ranar da aka lura.
– A auna tayoyi da safe, aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Kada a manta da ta safaya.
– Hujin bayan taya yana gyaruwa. Hujin kuiɓi ba ya gyaruwa.
– Kafin a shiga daji, a tabbata akwai famfo, da ma'auni, da kayan faci, da jak, da katako, da ruwan sha.

TAMBAYOYI

1. Mi ya sa taya marar isasshiyar iska ke yin zafi?
2. Ku faɗi hanyoyi biyar da iska ke bi ta fita daga taya.
3. Da asuba direba ya tarar tayoyinsa huɗu sun ragu daidai wa daida. Mi ya faru?
4. Don mi a ke shafa hannu cikin taya kafin a mayar da robar ciki?
5. A misalin da muka karanta, kurakurai nawa direban ya yi? Ku lissafa su.
6. Don mi ba a sa jak a ko'ina ƙarƙashin motar lantarki?

LISSAFI

a) Ranar Lahadi taya tana da kilo 2,4. Tana rasa kilo 0,1 kowace rana. Nawa zai rage ranar Alhamis? Bayan kwana nawa za ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta?

b) Amalanke mai taya biyu yana ɗauke da duro biyu, kowane lita 200. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Amalanken da durorin, ba ruwa, kilo 160 ne. Kilo nawa ke bisa kowace taya?

c) Taya tana juyawa sau 500 a kilomita guda. Sau nawa za ta juya a kilomita 150?

AIKIN YI

Ku nemo tsohuwar robar cikin keke, da famfo, da kwanon ruwa. Ku rabu ƙungiya-ƙungiya. Ƙungiya ɗaya ta huda robar da ƙaya a ɓoye, ɗayar ta nemo wurin, ta yi masa alama da alli. Ranar kasuwa kuma, ku je wurin mai faci. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi abin da ya fi huda tayoyin da a ke kawo masa, da irin tayar da ya ke ƙin gyarawa. Ku rubuta amsarsa cikin littafinku, ku kawo aji.

KALMOMI DA FARANSANCI

taya: le pneu
robar ciki: la chambre à air
janti: la jante
bawul: la valve
matsin iska: la pression
ma'aunin iska: le manomètre
huji: la crevaison
tayar safaya: la roue de secours
jak: le cric
motar lantarki: la voiture électrique